Lambobin da ke gadin asirin bankuna

Wani ɓangare na tsaron sirrin miliyoyin mutanen da ke hulɗa da bankuna ta intanet ya dogara ne a kan wata tambayar lissafi da ake yi wa yara tun a firamare.

Tambayar kuwa ita ce: idan aka ba mutum lamba, waɗanne lambobi ne aka ninka da juna suka haifar da ita?

Lambar 12, alal misali, tana rabuwa daidai ba tare da saura ba da 1 da 2 da 3 da 4 da 6 da kuma 12. Waɗannan su ne masu raba ta, ita kuma ninkin kowace daga cikinsu ce.

Amma 13 ba ta rabuwa da komai sai da 1 da kuma ita kanta. Ita da ire-irenta, kamar 2 da 3 da 5 da 7 da 11, su ne lambobi marasa rabuwa. Masana lissafi ba sa sanya 1 a cikin jerinsu.

Tubalan gini

Muhimmancinsu shi ne, duk wata cikakkiyar lamba da ta wuce 1, ko dai marar rabuwa ce, ko kuma an gina ta da marasa rabuwa ta hanya guda tak. Lambar 60 dai ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5.

Kimanin shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masani Euclid na birnin Iskandariyya a Masar ya tabbatar da cewa lambobin nan ba su da iyaka. A shekarar 2024 an gano wata mai alƙaluma sama da miliyan 41.

Ninka lambobi biyu abu ne mai sauƙi: 89 sau 97 ya ba da 8,633. Amma wanda aka miƙa wa 8,633 kawai, sai ya yi ta gwaji kafin ya gano iyayenta. Idan alƙaluman suka kai ɗaruruwa, hatta manyan kwamfutoci sukan gaza.

Kwaɗo da mabuɗi

A kan wannan wahala ne Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na jami'ar MIT da ke Amurka suka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a shekarar 1977.

A tsarin, akan zaɓi manyan lambobi biyu marasa rabuwa a ninka su. Sakamakon tamkar kwaɗo ne da ake bai wa kowa domin kulle saƙo, yayin da lambobin biyu ke zama mabuɗin da mai shi ke ɓoyewa.

Duk wanda ya iya gano su daga sakamakon, to asiri ya tonu.

A shekarar ce kuma aka wallafa wata lamba mai alƙaluma 129 a mujallar Scientific American, tare da alƙawarin ladan dala 100 ga wanda ya warware ta. Sai a 1994 wasu 'yan sa-kai kimanin 600 suka yi nasara, bayan watanni takwas suna aiki da kwamfutocinsu.

A 2020 masu bincike a Faransa da Amurka sun warware wata mai alƙaluma 250. Lambobin da aka fi amfani da su a tsarin RSA kuwa suna da alƙaluma 617.

Barazana

Sai dai tun a 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum, wadda ke aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra, za ta iya warware irin waɗannan lambobi cikin sauri idan ta samu isasshen ƙarfi.

Abin da ke damun masana tsaro shi ne, ana iya tattara ɓoyayyun saƙonni a ajiye, a jira ranar da na'urar za ta samu.

Don haka ne a watan Agustan 2024 hukumar NIST mai kula da ma'aunai a Amurka ta fitar da sabbin ƙa'idojin ɓoye saƙo da ba su dogara da wahalar rarraba lambobi ba, ta kuma buƙaci masu kula da tsarin kwamfutoci da su fara komawa gare su ba tare da jinkiri ba.