Shari'ar Allunan Kantuna a Birnin Montiriyal

Ga labarin Montiriyal, birni mafi girma a lardin Kebek na ƙasar Kanada. Galibin mutanen lardin Faransanci ne harshensu, amma Ingilishi ya daɗe yana rinjaye a sha'anin ciniki.

A shekara ta 1977 majalisar lardin ta kafa doka mai lamba 101, ta hana rubuta allon kanti da wani harshe sai Faransanci, don gudun kada Ingilishi ya haɗiye shi. Waɗansu masu kantuna suka kai ƙara. A 1988 Kotun Ƙoli ta Kanada ta hukunta cewa ya halatta a wajabta Faransanci, har a fifita shi, amma hana sauran harsuna tauye haƙƙin mutane ne. Lardin ya dage har 1993, sa'an nan ya sassauta: a rubuta da kowane harshe, muddin Faransanci ya fi fitowa sarari.

To, abin lura shi ne, allo ɗan aike ne tsakanin mai kaya da mai saye. Hukuma ta tsare harshen mutanenta, wannan daidai ne. Amma in ta ɗaure bakin ɗan aike, baƙo ya wuce bai saya ba, hasara ta faɗa wa ɗan gari.