Masara a Tanda: Safiyar Wani Ƙauye Tsakanin Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori da kaka zai ga masara ta ko'ina: wata a tsaye a gona ta bushe, wata a shanye a bakin kwalta, wata an ɗure ta a buhu ana jiran motar kasuwar Ɗandume. Yaron yau sai ya ɗauka tun fil azal haka ƙasar take. Alhali kakanninsa dawa da gero da auduga suka sani. Masara a lokacinsu 'yar bayan gida ce, kunya biyu ko uku inda takin dabbobi ya taru, a gasa ta ɗanya a tsakiyar damina a rage yunwa kafin gero ya nuna. Sauyin ya kankama ne daga 1975, da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Shi ya kawo hanyoyin karkara da takin zamani mai rahusa da ingantaccen irin farar masara. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru kuma ta yi ta fitar da ire-iren da ke ɗauke da sunan SAMMAZ.

Maza suka nome ta, amma mata ne suka koya mata zama a gidan Bahaushe. Su suka yi mata tuwo da kunu da dambu da fate, su kuma suka kai ta tanda.

A wani ƙauye da ke ɗan nesa da bakin hanya, akwai gidan da ake sayar da wainar masara, kuma wainar gobe tun la'asar ɗin yau ake fara ta. Uwargida takan auno tiya biyu, ta yayyafa ruwa, 'yan mata biyu su kama taɓare. Surfen masara ba na rago ba ne, don ƙwayarta ta fi ta dawa tauri, sai an yi ana ƙara yayyafi kafin ɓawon ya saki. A bakace a faifai, dusa ta tafi wurin tumaki, a wanke, a jiƙa. Bayan magariba a kai inji a niƙo. Ga inda gwanar take bambanta da 'yar koyo: tana ware ɗan tsaki ta dafa shi ya yi luguf, ta bar shi ya huce, sannan ta dama shi cikin ƙullun. Wannan dafaffen tsakin ne ke sa cikin waina laushi. Wasu kan sa yis, tsofaffi kuwa sun fi yarda da ragowar ƙullun jiya. A rufe a ajiye kusa da murhu ya kwana.

Da asuba, kafin liman ya sallame, wuta ta kama. Totuwa ce rabin makamashin, domin itace ya yi tsada. Uwargida ta buɗe ƙullun ta ga ya kumburo yana ƙananan idanu, ta lakata ta ɗanɗana. In tsami ya yi yawa, ɗan ruwan kanwa ya kashe shi. Sai albasa da gishiri da ɗan sukari. Tandar ta ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin don daɗewa, kuma ba a ba da aronta. Ɗigon man gyaɗa a kowane gurbi, ludayi ɗaya na ƙullu, sai ka ji cuu. Ba ta duba agogo. Gefen wainar take kallo, da ya fara ja ya janye daga jikin tandar sai ta sa cokali ta juya, hannunta ya riga ya wuce gurbi na gaba.

"Inna, a ba ni ta ɗari biyu, in ji Baba, a sa ƙuli da yawa."

"To, miƙo kwanon. Ka gaishe shi, ya ƙafar tasa?"

Daga wannan tanda ake zubin adashi, ake sayen sabulu da maganin zazzaɓi, ake tara kayan ɗakin 'ya mace. Abin da ke damuna shi ne yarinyar da ke ɗaukar tiren talla daidai lokacin da ake kaɗa ƙararrawar makaranta. Kuma tun da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa a wajajen Faskari da Sabuwa, ga tsadar taki, duk motsin da farashin buhu ya yi sai ya iso tanda. Mai waina ba ta son ƙara wa maƙwabta kuɗi, sai ta rage ludayi.

Can a Amurka ta Tsakiya, kusa da kudancin Meziko inda masara ta samo asali, akwai mata masu irin wannan sammakon. A ƙasar El Salbado abin da suke gasawa shi ake kira pupusa. Mace za ta gutsuro curin ƙullun masara mai kauri, ta yi masa rami da babban yatsa, ta cusa cuku da markaɗaɗɗen wake, wani lokaci da furen wani tsiro da suke kira loroko, ta rufe bakin, ta yi ta tafa shi tsakanin tafukanta har ya yi faɗi, ta ɗora a faffaɗan kasko. Akwai mai naman alade, wannan ba tamu ba ce. Da hannu ake ci, da kwaɗon kabeji mai tsami da miyar tumatir. A 2005 majalisar ƙasar ta ayyana pupusa a matsayin abincin ƙasa, ana kuma bikinta ranar Lahadi ta biyu ta watan Nuwamba. Garin Olokwilta ma ya yi suna da ta garin shinkafa, kamar dai yadda wainar shinkafa ke zaune kusa da ta masara a wurinmu.

Wake muna da shi, kabeji da tumatir ga su nan a fadamun Ɗanja. To me zai hana uwargidan nan yin irinta? Garinmu ne ba zai yarda ba. Ka kwaɓa garin masararmu da ruwan sanyi ka ce za ka naɗe wake a ciki, sai ya tsattsage a hannunka. Su mutanen can tun shekaru dubbai da suka wuce ba sa niƙa masara sai sun tafasa ta da farar ƙasa ta abinci ko da toka, ta kwana a ruwan. Hakan na sa ɓawo ya saɓule ba tare da taɓarya ba, ƙullun ya yi danƙo ya riƙe kansa, sannan ya saki sinadarin niyasin da ke ɗaure a ƙwayar, wanda jiki ba ya iya amfana da shi sosai in ba a yi haka ba. Masara ta ƙetare teku ta bar wannan dabara a gida. Shi ya sa talakawan Sifaniya da arewacin Italiya da suka dogara da ita kaɗai suka yi fama da cutar felagira, mai lalata fata da hanji, tun ƙarni na 18. Mu miyar gyaɗa da wake da ganye ke rufa mana asiri, amma a gidan da tuwon masara ya zama na safe da na dare, miya kuma ta tsinke, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Toka kuwa ba baƙuwa ba ce a madafinmu, mata sun saba tace ruwanta su sa a miya. Ina ganin ya kamata malaman gona da masu koyar da girki a makarantun 'yan mata na yankin su gwada abin a gaban matan ƙauye: a tafasa masarar da ba a surfa ba a ruwan toka har ɓawon ya fara saɓulewa in an murza da yatsa, a sauke ta kwana, da safe a wanke ta sosai har santsi ya fita, a kai injin markaɗe da ruwa kaɗan don ƙullun ya fito da kauri. Waken da za a cusa a dafa shi ya yi laushi, a soya da albasa da attaruhu har ruwansa ya tsane, in ba haka ba zai fasa ƙullun a kan kasko.