Kujerar na ƙi: Yadda ƙasashe biyar ke riƙe da akalar Kwamitin Sulhu

A ranar 18 ga watan Nuwamba na 2024, ƙasashe 14 daga cikin 15 da ke Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya sun goyi bayan wani ƙuduri da Birtaniya da Saliyo suka gabatar, wanda ke neman a dakatar da faɗa a Sudan. Rasha kaɗai ta ƙi, kuma a nan ƙudurin ya mutu.

Kwana biyu bayan haka aka sake samun ƙuri'a 14 a kan ƙudurin tsagaita wuta a Zirin Gaza. A wannan karon Amurka ce ta hau kujerar na ƙi.

Ba maguɗi aka yi ba, haka dokar take. Sashe na 27 na kundin Majalisar ya tanadi cewa ƙuduri kan wani muhimmin batu yana buƙatar ƙuri'a tara, amma idan ɗaya daga cikin masu kujerar dindindin, wato Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya ko Faransa, ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, to magana ta ƙare.

Daga ina aka faro?

Waɗanda suka tsara Majalisar a 1945 sun ga yadda ƙungiyar ƙasashen duniya da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta wargaje. Amurka ba ta taɓa shiga cikinta ba, Jamus da Japan sun sanar da ficewa a 1933, an kuma kori Tarayyar Soviet a 1939. Darasin da suka ɗauka shi ne, duk ƙungiyar da manyan ƙasashe suka juya wa baya ba za ta iya hana yaƙi ba. Don haka aka ba waɗanda suka ci nasara a yaƙin ikon hana duk abin da ba su so, domin su yarda su zauna a ciki.

Ƙananan ƙasashe sun yi ƙorafi a taron San Francisco, amma aka nuna musu cewa in babu wannan iko, to babu Majalisar. A lokacin ƙasashen Afirka huɗu ne kacal a zauren: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Mafi yawan nahiyar na ƙarƙashin mulkin mallaka.

Tarayyar Soviet ce ta fara hawa kujerar a watan Fabrairun 1946, kan batun janye sojojin Birtaniya da Faransa daga Siriya da Lebanon. Amurka ba ta yi amfani da ita ba sai a 1970, amma tun daga nan ta sha yin haka, galibi don kare Isra'ila. Rabon Birtaniya da Faransa da ita tun Disamban 1989.

Barazana ma ta isa

Sau da yawa ba a kai ga kaɗa ƙuri'a. A watan Maris na 2003, Shugaba Jacques Chirac ya bayyana cewa Faransa za ta ƙi amincewa da ƙudurin da zai halatta kai wa Iraƙi hari. Amurka da Birtaniya suka janye ƙudurin, sannan suka shiga yaƙin ba da izinin Kwamitin ba. Daga baya Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar na lokacin, ya ce yaƙin ya saɓa wa kundinta. Wannan ya nuna iyakar ikon: yana hana Majalisar sa hannu, amma ba ya ɗaure hannun mai ƙarfi.

Abin da ya faru a Libiya a 2011 ya ƙara dagula al'amura. Rasha da Sin sun ƙaurace wa ƙuri'a, lamarin da ya ba ƙuduri mai lamba 1973 damar wucewa da sunan kare fararen hula. Najeriya, Gabon da Afirka ta Kudu na cikin waɗanda suka amince. Sai dai hare-haren ƙungiyar tsaro ta NATO sun ƙare da kifar da gwamnatin Mu'ammar Gaddafi, makamansa kuma suka bazu zuwa yankin Sahel. Rasha ta yi zargin an wuce gona da iri, kuma daga watan Oktoba na wannan shekara ta shiga toshe ƙudurori kan Siriya ɗaya bayan ɗaya.

Akwai hanyar kaucewa, sai dai ba ta da haƙora. Lokacin da Rasha ta hana a yi Allah wadai da mamayarta a Yukren a 2022, an kai batun Babban Zauren Majalisar, inda ƙasashe 141 suka la'anci mamayar. Amma ƙudurin Babban Zaure shawara ce, ba ya tilasta wa kowa.

Ina matsayin Afirka?

Tun 2005, a yarjejeniyar Ezulwini, Tarayyar Afirka ke neman kujerun dindindin biyu masu cikakken iko, da wasu biyar na wa'adi. Hujjarta ita ce, rikice-rikicen nahiyar na cin babban kaso na lokacin Kwamitin, alhali ba ta da wakilin dindindin a cikinsa. A Satumban 2024 Amurka ta ce tana goyon bayan kujerun biyu, amma ban da ikon hawa kujerar na ƙi. Ita ma Afirka ba ta tsayar da waɗanda za su hau ba, duk da cewa an daɗe ana ambaton Najeriya, Afirka ta Kudu da Masar.

Babban cikas yana cikin sashe na 108. Gyara kundin na buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na ƙasashen Majalisar, ciki har da dukkan masu kujerar dindindin biyar. Sau ɗaya aka taɓa faɗaɗa Kwamitin, a 1965, lokacin da aka ƙara kujeru daga 11 zuwa 15, kuma duka huɗun da aka ƙara na wa'adin shekara biyu ne.