Idan sirrin lafiyar ma'aikaci ya fita, me doka ta ce?

Tun da Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, batun fallasa bayanai ya yawaita a labarai. Fallasa ita ce bayanin mutum ya isa hannun wanda ba shi da hurumin gani, ko da gangan ko bisa kuskure. Takardar asibiti da ma'aikaci ya kai ofis don neman hutu, idan ta ɓulla a zauren WhatsApp na ma'aikata, an yi fallasa ke nan.

Dokar ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Idan fallasar za ta iya cutar da mutum, wajibi ne ma'aikatar ta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin sa'o'i 72 bayan ta gano fallasar, idan kuma haɗarin babba ne, ta gaya wa mai bayanin nan take. Tarar manyan kamfanoni na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Masu ɗauke da cutar ƙanjamau suna cikin waɗanda suka fi shan wahalar irin wannan fallasa, domin tsangwama ba ta jiran hukuncin hukuma. Wata doka ta 2014 ta riga ta haramta bayyana matsayinsu ba da yardarsu ba.