Tsada da Daraja: Abin Lura Kafin Sayen Kwamfutar Wasa

Gabatarwa

A garuruwan yammacin Jihar Kano, irin su Kutama da Gwarzo da Kabo, kwamfuta ta daina zama kayan ofis kaɗai. Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, ɗalibin da bai saba da na'urar ba yana shiga ɗakin jarrabawa da rauni. Saboda haka iyaye da yawa kan sayar da amfanin gona ko dabba domin su saya wa ɗansu ita. Shi kuwa yaro, sau da yawa ransa yana kan wadda ake kira kwamfutar wasa, wato mai ƙarfin nuna wasannin zamani irin na ƙwallon ƙafa da tseren mota ba tare da hoto ya riƙa sarƙewa ba. Irin wannan kwamfuta takan ninka ta yau da kullum kuɗi.

Abin tambaya a nan shi ne, shin duk nairar da aka ƙara tana ƙara amfani? Farashi shi ne abin da mai saye ya biya a ranar ciniki. Daraja kuwa ita ce aikin da na'urar za ta yi masa a tsawon rayuwarta, bayan an cire abin da za ta ci. Ilimin halittu da lissafi mai sauƙi suna iya taimakawa wajen bambance su.

Me ya bambanta kwamfutar wasa?

Kowace kwamfuta tana da manyan sassa. Akwai ƙwaƙwalwar sarrafawa, wadda 'yan kasuwa ke kira furosesa. Akwai ma'ajiyar wucin gadi, wato RAM, inda ake shimfiɗa aikin da ake kan yi. Akwai rumbun ajiya na dindindin, wanda ko dai tsohon faifai ne mai juyawa, ko kuma sabon nau'in da ake kira SSD. Sai kuma allo. Abin da ya keɓanta ga kwamfutar wasa shi ne katin hoto, kuma galibi shi ne sashe mafi tsada a cikinta.

Furosesa tana da 'yan ma'aikata ƙwararru a cikinta, kamar huɗu zuwa goma sha shida a yawancin kwamfutocin gida, kowane yana iya aiki mai wuyar gaske. Katin hoto kuwa yana da dubban ƙananan ma'aikata masu yin lissafi iri ɗaya a lokaci guda, tamkar aikin gayya a gona. Allo mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma dole a lissafa launin kowanne sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da katin GeForce 256 a shekarar 1999, kuma tun daga lokacin shi da takwarorinsa suke tseren ƙara yawan waɗannan ma'aikata.

Darasi daga gona

A shekarar 1828 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Jamus, Carl Sprengel, ya lura da wata ƙa'ida wadda Justus von Liebig ya yayata daga baya. Ƙa'idar ta ce girman shuka bai dogara ga jimillar abincin da ke cikin ƙasa ba, ya dogara ne ga sinadarin da ya fi ƙaranci. Idan gonar masara a Kutama ta rasa fosfaras, ko buhu nawa na takin yuriya aka zuba, amfanin ba zai kai yadda ake fata ba. Misalinsa kamar randa ce da ta ɓule a tsakiya: duk ruwan da aka zuba, ba zai wuce wurin ɓulin ba.

Haka kwamfuta take. Wanda ya haɗa katin hoto mai tsada da tsohuwar furosesa, ko da RAM mai gigabayit 4 kacal, ya zuba ruwa a randa mai ɓuli. Wanda kuma ya sayi katin da ke iya zana hoto 200 a daƙiƙa, alhali allonsa ba ya sabunta hoto fiye da sau 60 a daƙiƙa, ya biya kuɗin hotunan da idonsa ba zai gan su cikakku ba. Daraja tana cikin daidaiton sassa. Alal misali, musanya tsohon faifai da SSD, ko ƙara RAM daga gigabayit 8 zuwa 16, yakan sauya tafiyar kwamfuta ƙwarai da kuɗi kaɗan.

Iyakar ido da jijiya

Abin da ake gani a allo kamar motsi, jerin hotuna ne tsayayyu da ke sauyawa da sauri, ƙwaƙwalwa ce take haɗa su. Finafinan silima sun daɗe suna amfani da hoto 24 a daƙiƙa. A wasa, inda hannu ke mayar da martani ga abin da ido ya gani, ƙarin sauri yana da amfani. Amma a duba wannan lissafi. Idan ana nuna hoto 30 a daƙiƙa, kowane hoto yana ɗaukar kimanin milisakan 33, wato kashi 33 cikin 1,000 na daƙiƙa. A hoto 60, milisakan 17 ne. A hoto 120, kimanin 8. A hoto 240, kimanin 4.

Ke nan tashi daga 30 zuwa 60 yana rage jira da kusan milisakan 17, amma tashi daga 120 zuwa 240 yana rage kimanin 4 kawai, ga shi kuma shi ne ya fi cin kuɗi nesa ba kusa ba. A gefe guda, saƙon da ke tashi daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, sannan ya bi jijiya zuwa yatsa, yana ɗaukar kimanin milisakan 200 zuwa 250 ga yawancin mutane. Ƙwararren ɗan gasa yana iya cin moriyar milisakan huɗun nan, amma ga ɗalibin sakandare ba su kai kuɗinsu ba. Manoma sun san wannan tun tuni: buhun taki na farko ya fi na biyar ƙara yabanya.

Kuɗin da ba a rubuta a rasit ba

Kwamfutar wasa ta kan tebur tana iya jan wat 300 zuwa 500 yayin wasa. Katin RTX 3060 shi kaɗai an ƙayyade masa wat 170, RTX 4090 kuwa wat 450. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta yau da kullum ba ta cika wuce wat 65 ba. A ƙaddara na'ura mai jan wat 400 tana aiki awa 4 kullum. A shekara za ta sha yunit 584 na lantarki. A farashin naira 225 kowane yunit, wanda aka sanya wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya kai naira 131,400. Mai jan wat 65 kuwa yunit 95 za ta sha, wato kimanin naira 21,400.

A ƙauyuka da ƙananan garuruwa, inda wutar ba ta tsayawa, lissafin ya fi haka nauyi, domin sai an koma ga janareta ko sola, kuma man fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafinsa a watan Mayun 2023. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400. Idan irin mai dalma da ruwan batir ne, ba a so a sha fiye da rabinsa, don kada ya mutu da wuri. Rabin nan ba zai riƙe na'ura mai wat 400 fiye da awa 3 ba, amma zai riƙe mai wat 65 kimanin awa 18. Har wa yau, kwamfutar tebur tana mutuwa nan take idan aka ɗauke wuta, kuma wuta mai hawa da sauka tana ƙona sassa. Don haka kuɗin sitabilaiza da na'urar riƙe wuta suna cikin farashi na haƙiƙa.

Zafi da ƙura

Kusan duk lantarkin da kwamfuta ta sha yana komawa zafi. Jikin ɗan Adam yana tsayar da zafinsa a wajen digiri 37 ta hanyar gumi, kare kuma ta hanyar haki. Kwamfuta tana dogara ne ga fanka da ƙarfen da ke kwashe zafi zuwa iska. Saurin ficewar zafi ya danganta ga bambancin zafin na'urar da na iskar ɗaki. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kusantar digiri 40, wannan bambanci yana raguwa. Idan furosesa ta kusanci digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta domin kada ta ƙone. Ke nan saurin da aka auna a ɗaki mai sanyi a Turai ba lallai ne a same shi a Kabo a tsakiyar bazara ba.

Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe hanyoyin iska. Saboda haka kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi da faffaɗar hanyar iska, wadda ake iya buɗewa a share, ta fi siririya mai ƙyalƙyali daraja a wannan yanki. Fitilu masu launi da ke walƙiya a jikin akwati ba sa ƙara gudu ko kaɗan.

Sabuwa ko ta hannu?

Kusan duk kwamfutocin da ke kasuwannin Najeriya daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma a watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wannan ya tura mutane da yawa ga kayan hannu, waɗanda ake samu a shagunan titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. A cikin kayan hannu akwai nagari masu rahusa, akwai kuma gajiyayyu. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ciki, wanda aka fitar a 2018, ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. Bugu da ƙari, bayan watan Satumban 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, sun kuma ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya kamata mai saye ya lura da abubuwa biyar. Na farko, ya duba cikakkiyar lambar furosesa, domin sunan Core i7 kaɗai ba ya nuna shekarunta. Core i5 na zubi na 11 yakan fi Core i7 na zubi na 4 ƙarfi. Na biyu, ya tabbatar na'urar tana ɗaukar Windows 11, tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma yawancin furosesar Intel da suka girmi zubi na 8 ba sa cikin jerin waɗanda aka amince da su. Na uku, ya sa a kunna wasa mai nauyi na tsawon minti 20 zuwa 30 a gabansa, yana lura da zafi da ƙarar fanka. Na huɗu, ya duba lafiyar batir, ya kuma tambaya ko ana iya ƙara RAM. Na biyar, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da wa'adin garanti a rubuce. Tafiya da wanda ya san kan na'ura ta fi dogon ciniki amfani.

Katin wasa a ɗakin bincike

Kada a ɗauka katin hoto kayan shiririta ne kawai. A shekarar 2012 masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka horar da manhajar AlexNet mai gane hotuna da katunan wasa biyu samfurin GTX 580, kuma wannan aiki yana cikin abubuwan da suka buɗe babin ƙirƙirarriyar basira ta yau. A fannin halittu, Jami'ar Washington ta fitar da wasan Foldit a 2008, inda 'yan wasa ke gasar naɗe furotin. A 2011 suka gano siffar wani furotin na bairos mai haddasa wa birai cuta irin ƙanjamau cikin mako uku, bayan masana sun shafe fiye da shekara goma suna fama. David Baker, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wasan, ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024, tare da John Jumper da Demis Hassabis, wanda shi ma da ƙirƙirar wasannin kwamfuta ya fara sana'a.

Saboda haka ɗalibin da ke son koyon zanen gini, ko tace bidiyo, ko rubuta manhaja, katin hoto matsakaici jari ne a gare shi. Wanda buƙatarsa ita ce atisayen jarrabawa da karatu da rubutu, katin da ke haɗe cikin furosesa ya wadatar da shi, har ma zai ɗauki wasanni marasa nauyi. Akwai kuma farashin lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan kwamfuta cikin kundin cututtuka da ya fara aiki a 2022, wato halin da wasa ke rinjayar karatu da barci da sauran al'amuran rayuwa. Kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan matsayi, amma ya kamata iyaye da malamai su sa ido.

Kammalawa

Hanya mafi sauƙi ta auna daraja ita ce a haɗa kuɗin saye da na wuta da na kariya da na gyara, sannan a raba da shekarun da ake sa ran na'urar za ta yi aiki. A ƙaddara wata an saye ta naira 300,000 ta yi shekara 2, wata kuma naira 500,000 ta yi shekara 5. Ta farko ta ci naira 150,000 a shekara, ta biyu naira 100,000. Malaman lissafi da kimiyya suna iya ba ɗalibai wannan aiki a aji: su samo farashin kwamfutoci uku daga kasuwa, su karanta yawan wat da ke rubuce a jikin cajar kowace, su fitar da abin da za ta ci a shekara. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi zai yi amfani da shi gobe wajen sayen injin ban-ruwa ko babur ko faifan sola, kuma dukiyar da iyaye suka tara da gumin noma ba za ta tafi a kan ƙyalƙyali ba.