Dokar Amfani da Ƙasa: Abin da Ya Kamata Mai Neman Fili Ya Sani

Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa ran 29 ga Maris, 1978, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo. An shigar da ita cikin Tsarin Mulki na 1979, aka kuma riƙe ta a cikin na 1999, saboda haka ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake bi a gyara Tsarin Mulki kansa. A Arewa tsarin ba baƙo ba ne, gama Dokar Mallakar Ƙasa ta 1962 ta riga ta aza harsashinsa.

Dokar ta danƙa ƙasar kowace Jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya, ban da filayen da ke hannun Gwamnatin Tarayya. Abin da ake ba mutum shi ne haƙƙin zama a fili da cin moriyarsa. Filayen birni Gwamna ke bayar da su, bisa shawarar kwamitin rabon filaye, tare da takardar shaidar mallaka, wadda galibi wa'adinta shekara 99 ne ga filin gida. Filayen karkara kuwa suna hannun Ƙaramar Hukuma. Tana da ikon bayar da har hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo, amma abin da ya ɗara haka sai da yardar Gwamna. A Abuja, Ministan Babban Birnin Tarayya ke riƙe da wannan iko.

Inda jama'a suka fi yin asara shi ne wajen ciniki. Wanda Gwamna ya ba fili ba shi da ikon sayar da shi, ko jinginar da shi, ko bayar da shi kyauta, sai ya nemi iznin Gwamna tukuna. Cinikin da aka ƙulla ba tare da wannan izni ba, banza ne a idon doka, kome yawan kuɗin da aka biya. Takardar da dillali ya rubuta a gaban shaidu ba ta maye gurbin iznin.

Gwamna na iya karɓe fili domin aikin da zai amfani jama'a, kamar hanya ko makaranta ko asibiti. In haka ta faru, ana biyan diyyar abin da mai fili ya kashe a kansa, watau gini da shuke-shuke da makamantansu. Ana kuma iya karɓe fili idan mai shi ya karya sharuɗɗan da ke cikin takardarsa.

Samun fili dabam, iznin gini dabam. A 1992 aka kafa dokar tsara birane da yankuna, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari aikin Jihohi ne. Don haka kowace Jiha na da nata ƙa'idodi da hukumar da ke duba zanen gini, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Wanda ya yi gini ba izni, ko ya tare magudanar ruwa, ko ya ci hanya, ana iya rushe masa.

Saboda haka, kafin ku biya ko kwabo, ku je ofishin filaye na Jiharku a bincika muku sunan da ke kan takarda, a kuma duba ko filin yana jingine a banki. Ku sa safiyo mai lasisi ya auna iyakokinsa. Bayan ciniki, ku nemi iznin Gwamna, ku yi rajistar takardunku, ku riƙa biyan harajin fili kowace shekara, ku adana rasit. Kada ku haƙa harsashi sai hukuma ta buga hatimi a zanen gininku. Wahalar bin waɗannan matakai ba ta kai ta shari'a ba.