Ko Kun Sani?

Garin Anjar da ke kwarin Bekaa a Lebanon, Armeniyawa 'yan gudun hijira ne suka kafa shi a 1939. Mutanen ƙauyuka shida ne na dutsen Musa Dagh, da suka bar gida bayan Faransa ta miƙa wa Turkiyya yankinsu. A tantuna suka fara zama, zazzaɓin cizon sauro ya kashe da yawa. Duk da haka kowane ƙauye ya kafa unguwarsa da sunansa na asali, abin da ya fi taɓa zuciya ke nan. Yau tuffa da kayan lambu suke nomawa, ga baƙi masu zuwa kallon kufan birnin Umayyawa da ke gefen garin.